Rabon Malam Hirabayashi

Wata uku Shiori ta yi tana rubuta kiɗan. Ƙungiyar masu goge huɗu ta garin Kanazawa ce ta nemi ta yi musu sabo, a kan sawun wani gwani da ya rasu shekara ɗari biyu da suka wuce. A kiɗan gwanin, babban goge, wanda ake riƙewa tsakanin gwiwoyi, shi ke jan ragama. Nan fa gizo ke saƙar, domin mai babban gogen nasu Malam Hirabayashi ne, wanda ya koya mata kiɗa tun tana shekara tara, ga shi yatsunsa na hagu sun fara rawa. Kowa ya gani, ba wanda ya ce uffan. Mutanen garin gara su haɗiyi garwashi da su ce wa babba ya tsufa.

Tsoronta kada ya ji kunya a bainar jama'a, ya rasa kujerarsa. Sai ta kwashe wuraren masu wuya ta raba wa sauran ukun, ta bar masa dogayen sautuka waɗanda ba sai an danna tsirkiya ba. Har daɗi ta ji da wannan wayon nata.

Ranar gwaji tsohon ya kaɗa rabonsa ba kuskure ko ɗaya. Da aka gama ya share tsirkiyoyin da ƙyalle, a hankali.

"Malam, yaya ka ji shi?" in ji Shiori.

"Ya yi kyau, 'yata. Kin iya aiki." Ya ninke ƙyallen. "Shekara arba'in ke nan da muka sa aka rubuta wa wanda na gada irin wannan rabon. Ya gane nufinmu, ya bar kujerar da mutuncinsa. Ban dai zaci ke za su aiko ba."

Ba ta taɓa jin labarin ba.

"Ba wanda ya aiko ni, Malam. So nake ka zauna." Ta juya ga sauran. "Ku gaya masa mana."

Can sai shugaban ƙungiyar ya ajiye gogensa, ya miƙe, sauran biyun suka bi shi. Suka sunkuya wa tsohon har kawunansu na neman taɓa gwiwa, irin sunkuyawar ban kwana.

"Malam," in ji shugaban, "mun gode da wahalar da ka sha da mu duk shekarun nan."