Kwallin Yaya Joda

Kwana huɗu da yi wa Zarami aiki a idon dama, yayarsa Joda ta iso Dogo Nini daga Danchuwa. Ita ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, kuma bai taɓa yi mata musu ba.

Ciwon ya fara ne da ja da kumburi a cikin ido, yana lafawa yana dawowa. Kumburin ya toshe hanyar da ruwan ido ke fita, ruwan ya taru ya danne jijiyar gani. Idon hagu ya mutu kafin a gane hawan jinin ido ne. A na daman likita ya buɗe wa ruwan 'yar ƙofa, ya ce aikin ba zai dawo da ganin da ya tafi ba, zai dai tsare wanda ya rage. Ya ja masa kunne: ban da maganin ɗigawa, kada komai ya shiga idon, ko ruwan alwala.

Joda ta zauna a tabarma, ta kwance bakin zaninta ta fito da tandun kwalli.

"Daga Makka na zo da shi, shekara tara ina ɓoyonsa. Matso, Zarami."

Matarsa Rauda ta durƙusa. "Yaya, likita ya ce..."

"An haifi likitan nan sa'ad da nake wanke wa idanun nan kwantsa?"

Zarami ya dubi hannun yayarsa da ɗan ganin da ya rage masa. Hannun yana rawa, abin sa kwallin ya yi baƙi ƙirin. Ya matsa, ya juya mata gefen hagu.

"Yaya, sa mini a wannan. Na dama yana da likita. Wannan ba shi da kowa."

Ta ɗaga fatar idon, sai ta tsaya. Ta kaɗa yatsunta a gabansa, bai ƙifta ba.

"Tun yaushe?"

"Tun damanar bara. Ban so ki ji ba."

Joda ta yi bisimilla, ta zizara masa kwallin a hankali, ta toshe tandun ta mayar bakin zani.

"Rauda, ɗauko na asibitin," in ji ta. "Ke ki ɗiga, hannuna rawa yake. Ni zan riƙe masa kai."