Lilon Ƙarfe na Malam Falaki

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris na shekarar 1978, ɗalibai arba'in da ɗaya na ajin ƙarshe suka hallara a babban zauren kwaleji domin darasin da kowane aji yake jira. A tsakiyar zauren an rataye dunƙulen ƙarfe mai nauyin kilo ashirin, da igiya mai tsawon mita bakwai daga ƙarfen rufi. Mai darasin shi ne malamin kimiyya, wanda ɗalibai suka laƙaba wa Malam Falaki saboda son da yake yi wa ilimin taurari.

Darasin ba shi da wuya. Malam yakan jingina ƙeyarsa da bango, ya jawo dunƙulen har ya taɓa hancinsa, ya sake shi. Ƙarfen ya tafi can ƙarshen zaure, ya dawo a guje, ya tsaya daf da hancin, ya juya. Malam ko ƙifta ido ba ya yi. Sharaɗin ɗaya ne: a saki ƙarfen, kada a tura shi.

A wannan shekarar kuwa hannun Malam na dama ya fara rawa, wani lokaci har ya fizga ba da saninsa ba. Ya ɓoye shi a aljihu, ya koma rubutu a allo da hagu, ya ce wa ɗalibai motsa ƙwaƙwalwa yake yi. Ya san dokar kwaleji: malamin da hannunsa ba ya riƙe kayan gwaji, hutu ake ba shi, ya bar aiki. Wadda ta san gaskiya ita ce 'yarsa, Auta, wadda ke cikin ajin, domin ita ke ɓalla masa maɓallan riga kowace safiya.

Da safen nan, tana ɓalla na wuya, ta ce, "Baba, ku bar lilon nan bana. Ku zana shi a allo."

"A allo? Kowa ya iya zana zaki a allo, Auta."

"Jiya a gabana kofin shayi ya yi tsalle daga hannunku."

"Kofin ne ba shi da tarbiyya." Ya yi dariya, ita ba ta yi ba.

A zaure, shugaban kwaleji ya zauna a kujerar gaba, kamar yadda ya saba kowace shekara. Malam ya fara da tauraruwa mai wutsiya. Ya ce tana gangarowa wajen rana gudunta na ƙaruwa, ta zagaya ta koma nesa gudun na raguwa, har ta isa inda ta taso. Abin da ta samu na gudu, da nisa take biyansa. Babu abin da ke ɓacewa, babu abin da ke ƙaruwa, sai in wani ƙarfi daga waje ya sa hannu.

"Wannan ƙarfe tauraruwarmu ce," in ji shi. "Ba zai wuce inda na sake shi ba."

Wani daga baya ya ce, "Malam, in ya wuce, wa zai gaji tabaraunku?"

"Wanda ya ci jarrabawa, saboda haka cire ranka."

Aka yi dariya, ban da Auta.

Malam ya jingina da bango. Ya fitar da hannun daga aljihu, domin ƙarfen ya fi ƙarfin hannu ɗaya. Sanyinsa ya taɓa hancinsa. Ya ja numfashi, ya buɗe tafukansa, a daidai nan hannun dama ya fizga gaba.

Babu wanda ya lura, in ban da mutum biyu: shi da Auta.

Zuwan lilon da dawowarsa ba su fi numfashi biyu ba, amma sun ishi Malam lissafi. Ya ga ƙarfen ya haura can sama da inda ya saba kaiwa, ya ɗan dakata, ya juyo. Abin da hannunsa ya ƙara bai ɓace ba, yana cikin ƙarfen, kuma nan zai kawo shi. Bayan kansa bango ne. In ya kauce, zauren duka zai ga Malam Falaki ya gudu daga dokar kimiyyar da ya ƙare rayuwarsa yana rantsuwa da ita, shugaba kuma zai tambayi dalili. In ya tsaya, ƙarfen zai matse fuskarsa da bango a gaban 'yarsa. Igiyar na ƙara a sama, dunƙulen na girma a idonsa.

"Baba!"

Ya sulale ƙasa. Iskar ƙarfen ta share gashin kansa. Dunƙulen ya wuce inda hancinsa yake, ya wuce inda idanunsa suke, ya daki bango da wata 'yar ƙara marar amo, garin siminti ya zubo masa a kafaɗa.

Can wani ya ce a hankali, "Ashe dokar ma takan yi ƙarya."

Malam ya miƙe, ya koma gefe, ya bar lilon yana kai da kawowa. Ya ɗaga hannunsa na dama sama, inda kowa zai gani, har shugaba. Hannun yana kaɗawa kamar ganye.

"Doka ba ta yi ƙarya ba," in ji shi. "Na tura shi. Abin da na ba shi, shi ya dawo mini da shi, bai rage ba. Ku je ku auna ramin nan na bango, ku gaya mini yawan turawar."

Babu wanda ya tashi, sai Auta. Ba wajen bango ta nufa ba, wajen babanta ta je.

A ƙarshen zangon karatun aka ba Malam Falaki hutu. Ba a liƙe ramin ba, yana nan kamar sawun babban yatsa, har aka rushe zauren a shekarar 1991.