Ɗinki Biyu a Kan Lamba

Tela yana cizge zaren ƙarshe da haƙori matarsa ta zo ta tsaya a kansa, ta ce masa rigar nan za ta jawo masifa yau, kuma kada ya ce ba ta faɗa ba. Bai ko ɗago kai ba. Ya juya rigar, ya bi ɗinkin da babban yatsa, ya ce macen da ba ta iya zura zare a allura sai ta kira yara ba ita za ta koya masa sana'a ba.

Rigar ta babbar 'yarsu ce, wadda yake kira Uwata saboda sunan mahaifiyarsa gare ta. Da ƙarfe bakwai na safiyar nan za ta yi gwajin gudu na shiga aikin kashe gobara: zagaye takwas na filin wasa cikin minti goma sha bakwai. Wanda ya wuce lokacin, ko da daƙiƙa ɗaya ne, sai gida. Ba a ɗaukar wanda ya haura shekara ashirin da biyar, ita kuwa saura wata huɗu ta haura. Bara ma ta cike takarda, amma ranar gwajin ta tashi da mura, ya kulle ƙofar gida ya sa kujera ya zauna a bakinta. Wata biyu bayan nan ba abin da ya haɗa su sai gaisuwa.

Jiya ta kawo masa rigar gudunta shago, wata 'yar shara-shara mai zif a wuya, ta ce ya gyara mata zif ɗin kawai. Da ta fita ya ɗaga rigar, sai ga shi yana hango titi ta cikinta. Ransa ya ɓaci. A wannan sanyin da ruwan bokiti yake yanka hannu kamar reza, a ce wai da wannan za a yi gudu a fili? Ya jawo ragowar ƙyallen bargo da ya yi wa wani mai gadi rigar sanyi da shi, ya yi wa rigar shafi daga wuya har ƙugu, ya ninka biyu a ƙirji. Sai kuma lambar da aka ba ta, farin ƙyalle mai arba'in da bakwai, da fil huɗu na maƙalawa. Fil ɗin ya watsa su cikin gwangwanin maɓallai. Aikin fil aikin wanda ba shi da tela ne a gida. Da asubar nan ya ɗora lambar a ƙirjin rigar, ya bi ta da keke, layi biyu.

Matar ta ce wata huɗu yarinyar nan tana fita gudu kullum da wannan rigar, ko atishawa ba ta yi ba. Ya tambaye ta ko ta manta asibiti. Yarinyar tana da shekara shida ciwon haƙarƙari ya kama ta a irin wannan lokacin, kwana tara da robar iska a hanci, shi yana kwana a kan benci yana ƙirga numfashinta.

"Shekara goma sha tara ke nan, Malam," in ji matar.

"A wurinki."

Ya ninke rigar da kansa ya cusa ta can ƙasan jaka, ƙarƙashin takalman gudu. Yarinyar ta fito cikin babbar rigar sanyinta, ta sha shayi a tsaye, ta ɗauki jakar. Da ya ce zai raka ta ba ta yi musu ba, ta dai kalli uwarta.

A cikin bas wani saurayi ya zuge taga saboda warin mai. Tela ya miƙa hannu ta kan kafaɗarsa ya rufe. Saurayin ya sake buɗewa, Tela ya sake rufewa, ya ce in iska yake so ya hau saman motar. Aka yi ta cacar baki har kwandasta ya sa baki. Yarinyar ta sunkuyar da kai tana kallon gwiwoyinta har suka sauka.

Filin wasan a buɗe yake ta ko'ina, ciyawar jiƙe da raɓa, kowa ya yi magana sai hucin bakinsa ya fita kamar hayaƙi. An tsayar da iyaye a bayan shingen waya, ƙofar shiga kuma tana can ɗaya gefen, kusa da teburin jami'ai. Mata ne za su fara. Tela ya ga 'yan matan suna tuɓe manyan rigunansu suna tsalle-tsalle cikin 'yan riguna marasa kauri, ya ja tsaki, ya ce wa mutumin da ke kusa da shi iyayen yanzu ba su san ciwon 'ya'yansu ba. Mutumin, wani direba mai ƙaton tumbi, ya ce mai lamba goma sha biyu tasa ce.

Daga nesa Tela ya ga 'yarsa ta zaro rigar. Ta riƙe ta a hannu ɗaya kamar mai auna nauyi, ta leƙa cikinta, sannan ta nufo shingen da sauri.

"Baba, me ka yi wa rigata?"

"Gyara na yi."

"Zif na ce."

"Na gyara zif ɗin. Sa ki ji."

Ta ce ba a gudu da bargo, zafi jiki yake yi tun daga zagaye na biyu, kowa ya san wannan. Ya ce shi bai sani ba, abin da ya sani shi ne huhunta. Ta kama lambar ta ja, ta sa farce, ta sa haƙori, ɗinkin ko motsi bai yi ba. A wannan lokacin ma, duk da fuskarta, sai da ya ji ɗan daɗi a ransa cewa aikinsa ne. Wata daga cikin 'yan matan ta ce in ta samu ta cire lambar za ta ba ta fil biyu ta maƙala a ƙaramar rigar da ke jikinta.

"Kana da almakashi a aljihu?" in ji 'yarsa.

Ɗan ƙaramin almakashinsa na cire zare yana aljihun hagu, inda yake kullum shekara talatin. Ya ji sanyin ƙarfen a cinyarsa. Ya dubi ƙaramar rigar jikinta, iska tana manna mata ita a haƙarƙari.

"Ban zo da shi ba," ya ce.

Aka busa usur na taruwa. Ta zura rigar ta ka, ta juya ta tafi.

Zagaye uku na farko tana cikin na gaba-gaba. Tela ya riƙe wayar shingen da hannu biyu yana gyaɗa kai, har ya taɓa direban ya nuna masa ita. A na huɗu ta wuce ta gabansa baki buɗe, fuska tana ƙyalli, ta ja zif ɗin ƙasa har inda ya tsaya. A na biyar tururi ne yake tashi daga kafaɗunta, rigar ta yi duhu a baya ta lanƙwame mata a jiki, ƙafafunta sun daina ɗagawa sosai. Mutum shida suka wuce ta, har da 'yar direba.

Direban, wanda bai ji abin da aka yi a bakin shinge ba, ya ce oh, wa ya shirya waccan kamar mai gadin kasuwa? Tela ya juyo ya tambaye shi ko shi ya haife ta. Ya ce masa ya kula da tumbinsa ya bar 'ya'yan mutane. Direban ya matsa gefe yana cewa daga magana.

A zagaye na shida, ba tare da ta tsaya ba, ta kama ƙasan rigar da hannu biyu ta fizge ta ta ka, ta wurgo ta saman shingen. A gaban ƙafarsa ta faɗi, tim, kamar jiƙaƙƙen buhu. Ya ɗauka. Nauyinta ya ba shi mamaki, ga ta da ɗumi kamar an tsamo ta daga tukunya. Ya ɗaga murya yana kiran Uwata ta dawo ta sa, jikinta a jiƙe yake, iska za ta shige ta. Ko waiwaye ba ta yi ba. Ya ga kafaɗunta sun miƙe, takunta ya buɗe. Ta cim ma ɗaya, ta cim ma biyu. A zagaye na ƙarshe ta shiga layi daf da bayan 'yar direba, shi kuma direban ya duba agogon wayarsa ya ce duk sun shiga, da sauran daƙiƙa ashirin.

Tela bai gama sauke ajiyar zuciya ba ya hango ta a gaban tebur tana nuna ƙirjinta da yatsa, magatakarda yana girgiza kai. Mai agogo lokaci yake faɗa, magatakarda kuma lambar da ya gani a ƙirji yake rubutawa. Lambarta tana hannun ubanta.

Ya zuba a guje. Rabonsa da gudu tun yana saurayi. Ya bi bayan shingen, silifas yana zamewa a ciyawa, iska mai sanyi tana yanka masa maƙogwaro. Riga uku ce a jikinsa da mayafin wuya. Kafin ya kai rabin hanya gumi ya keto masa ta ko'ina, ƙirjinsa ya cushe, ya ji kamar an rufe shi da katifa. Ya fizge mayafin, ya ɓalle maɓallan sama har ɗaya ya tsinke, ya ci gaba yana haki.

Mai tsaron ƙofa ya tare shi, Tela ya ture hannunsa ya wuce. Ya jibga rigar a kan tebur, a kan takardunsu, ya ce ga arba'in da bakwai nan, in makafi ne su shafa su ji. Ya ce mutum ɗari sun ga yarinyar nan ta yi zagaye takwas, wane irin aiki ne wannan da ƙyalle ya fi mutum, kuma su da suka tara 'ya'yan jama'a a fili da wannan sanyin ko tausayi ba su ji.

Babban jami'in, wani mai furfura a gashin baki, ya bar shi har numfashinsa ya ƙare. Sannan ya ɗaga rigar daga kan takardun, ya ce an karanta wa kowa doka kafin a fara: lamba a ƙirji daga farko har ƙarshe, domin an taɓa samun wadda ƙanwarta ta ƙarasa mata gudu. Ya juya rigar ya dubi shafin, ya dubi ɗinkin.

"Wa ya ɗinke wannan?"

"Ni."

"Fil huɗu muka bayar, Baba."

Tela ya ce in lambar suke so ga ta. Ya zura hannu a aljihun hagu, ya zaro almakashin, ya bi layin farko, ya bi na biyu, cikin ƙiftawar ido ya ɓamɓare ƙyallen ya buga shi a kan tebur. Sai da ya ɗago ya ga inda idon 'yarsa yake. Ba lambar take kallo ba.

"Ka ce ba ka zo da shi ba," ta ce, a hankali.

Ya mayar da almakashin aljihu.

Mai agogo ya yi gyaran murya ya ce gaskiya ya ga wata marar lamba ta shigo tsakanin goma sha biyu da talatin da ɗaya, kuma su biyun duk sun ci. Babban jami'in ya maƙala ƙyallen a jikin wata takarda, ya rubuta layi huɗu, ya ce zai aika wa kwamiti yadda abin ya faru, ba ƙari ba ragi. Shi ba zai yi alkawari ba. Ranar Alhamis za a kafa sunaye a ƙofar ofis.

Ta sa babbar rigarta da kanta. A hanyar tasha ta yi tari sau biyu, ya miƙa mata mayafin wuyansa, ta matsa gefe ta ci gaba da tafiya. Ya ce don ita ya yi. Ta ce ta sani, bara ma don ita ya yi.

"In sunana bai fito ba, Baba, kada ka ce wa kowa sanyi ne ya hana ni."

A cikin bas ta zauna bakin taga, ta zuge ta har ƙarshe. Iska ta shigo tana dukan fuskarsa. Hannunsa ya ɗaga daga kan gwiwa, sannan ya koma.

Bai bi ta gida ba, domin ya san abin da matarsa za ta ce kuma da wace fuska. Ya buɗe shago, ya shimfiɗa rigar a kan tebur, ya fara farke shafin zare bayan zare don kada ya ɓata yadin. Abin da ya ɗinka cikin minti arba'in sai da ya ci masa har azahar. Da ya gama ya ɗaga rigar, ya sake hango titi ta cikinta, da ƙananan hudojin allura layi biyu a ƙirji.

Ranar Litinin ce. Bai san ko sunanta zai fito ranar Alhamis ba, ita ma ba ta sani ba.