Jitar da Baba Da'u Ya Sassaƙa

"A hankali, Malam, wuyanta ya maƙale a ƙafar gado," in ji Adawiyya.

Sharfaddeen yana durƙushe a ɗakin ajiya na gidan su Adawiyya a Ajingi, rabin jikinsa a ƙarƙashin wani tsohon gadon ƙarfe. Ya karkata abin, ya jawo shi waje. Dogo ne, naɗe cikin bargo, an ɗaure shi da igiyar rama a wuri uku. Adawiyya ta kawo wuƙa ta yanke igiyar, suka buɗe.

"Allahu Akbar!" Sharfaddeen ya faɗa, bai ma san ya faɗa ba.

Jita ce, amma ba irin ƙananan nan ba. Babba ce mai tsirkiya huɗu masu kauri, irin wadda makaɗa ke kira bes, mai ba da babbar murya a ƙasan kiɗa. Jikinta jan katakon maɗaci ne, ya yi duhu don tsufa. Ya juya ta. A bayan wuyanta an ƙona rubutu da ƙusa mai zafi: Da'u Gaya, 1978.

"Ashe da gaske yake," in ji shi, yana dariya. "Wallahi Hajiya, duk hanya ina cewa ko zafin ciwo ne ya sa shi sambatu."

"Babanmu kafin ya rasu ya ce a raba komai ban da wannan," in ji Adawiyya. "Ya ce mai ita zai aiko wata rana. Shekara goma sha ɗaya ke nan. Ɗauki ka tafi, ka ce 'yar Kabo tana gaishe shi da jiki."

Sharfaddeen mai gyaran rediyo da fanka ne a Gaya, shagonsa a jikin katangar gidan Baba Da'u. Shekara goma sha takwas suna maƙwabtaka, kuma abin da ya sani game da tsohon bai wuce abin da kowa ya sani ba: kafinta ne, mai ƙofofi da akwatuna da kujerun tsakar gida, ba ya fashin sahun farko. Makon da ya wuce aka dawo da shi daga asibiti a Kano. Likita ya ce a kai shi gida a ba shi duk abin da ransa yake so, kowa kuma ya gane abin da ake nufi.

Jiya da Sharfaddeen ya shiga gaishe shi, sai tsohon ya riƙe masa hannu.

"Sharfu, amfilifayar nan taka da ake haya ranar walima, tana aiki?"

"Tana aiki, Baba."

"To gobe ka je Ajingi, ka tambayi gidan marigayi Kabo. Akwai kayana a can."

Daga nan ya ba shi labarin da bai taɓa ba kowa ba a unguwar. Yana saurayi ya koyi kafinta a Sabon Garin Kano, lokacin da kowane otal yake da makaɗansa. Kabo, wani yaron Ajingi, ya iya kaɗa bes amma ba shi da tasa, don sai daga ƙasar waje ake kawo ta. Wata rana makaɗa suka zo daga Gana da tasu, Da'u ya roƙi mai ita ya bar shi ya shimfiɗa ta a kan jarida ya zana siffarta da gawayi, ya auna wuyanta da zare. Wata huɗu yana fama kafin ya ƙera wa Kabo ita. Daga baya ya yi wasu shida, suka tafi Jos da Kaduna da inda bai sani ba, amma ta farkon tana wurin Kabo.

"Ina so in ji muryarta sau ɗaya," in ji shi. "Ba na so in ji a waya. A ɗakin nan."

Sharfaddeen ya goya jitar a baya da zanen da Adawiyya ta ba shi, ya hau babur. Ƙarshen damina ne, ana cire gyaɗa a gonaki hagu da dama, hanya duk kududdufai. Wuyan jitar ya zarce kansa da kusan kamu guda, masu aikin gona suna miƙewa suna kallo. Wani ya ƙwala masa kira, "Malam, bindiga ce?" Ya ɗaga masa hannu kawai, ya ƙara wuta.

Hantsi ya ɗaga sosai lokacin da ya yi sallama a gidan. Inna Lauratu, matar Baba Da'u, ta ɗaga masa labule. Tsohon yana kwance a kan katifa, ya rame har zoben azurfarsa ya koma babban yatsa. Da ya ga abin da ke bayan Sharfaddeen sai ya yunƙura.

"Laure, tashe ni! Tashe ni zaune!"

Suka jingina shi da filo biyu, aka ɗora masa jitar a cinya. Ya bi ta da tafin hannu tun daga kai har gindi.

"Ka ga wannan farin da tsirkiya ke hawa? Ƙashin sa ne, daga mahauta na karɓo, na goge shi da kaina. Waɗannan ƙarafan da ke jere a wuya, wayar ƙafar keke ce, na daddaƙe ta. Maɗauran nan huɗu wani maƙeri ne a Fagge ya ƙera min, sau uku ina mayar masa." Numfashinsa ya sarƙe, ya tsaya ya huta, amma idonsa yana ƙyalli. "Wuyan bai lanƙwashe ba. Duba, Sharfu, rufe ido ɗaya ka duba! Shekara arba'in da wani abu!"

Sharfaddeen ya rufe ido ɗaya ya duba. Wuyan a miƙe yake sak.

Ya ruga shago ya kinkimo amfilifaya da lasifika da batirin sola. Ya goge ramin da wayar ke shiga, ya jona, ya murɗa ƙara. Baba Da'u ya sa babban yatsa ya ja tsirkiyar sama.

Ba abin da ya fito daga lasifikar sai wani siririn huci.

Ya sake ja. Shiru. Sharfaddeen ya canza waya, ya canza rami, gumi yana ɗiga daga haɓarsa. Daga ƙarshe ya kwance baƙin akwatin da ke kwance ƙarƙashin tsirkiyoyin, ya ɗora masa mitar gwada wuta. Allurar ba ta motsa ba.

"Kunnenta ne," in ji Baba Da'u a hankali. "Haka nake kiransa, don shi ke jin rawar tsirkiya ya kai wa lasifika. Mayen ƙarfe ne a ciki, daga tsohuwar rediyo, an naɗe shi da jar waya."

"Wayar ta tsinke a can ciki, Baba. Tsatsa ta ci ta." Sharfaddeen ya kasa kallonsa. "Siririya ce kamar gashi. Ni dai ban taɓa naɗa irinta ba. Sai dai in kai Kano, ko a samu mai inji."

"Kano kwana nawa?"

Sharfaddeen ya ci gaba da juya kunnen a hannunsa. Tsohon ya mayar da kansa kan filo, ya rufe ido.

"Kawo in gani," in ji Inna Lauratu daga bakin ƙofa.

Ya miƙa mata don kada ya yi mata musu. Ta kai shi kusa da idonta, ta juya shi, ta sa farce ta ɗaga bakin wayar.

"Zagaye dubu biyar da ɗari biyu ne," in ji ta. "Ni na naɗa shi."

Sharfaddeen ya saki baki. Baba Da'u kuwa, ido a rufe, sai kafaɗunsa suka fara rawa don dariya.

"Ina amarya a lokacin," in ji ta. "Malam ya yi ta naɗawa da hannu tana tsinkewa, har ya daina cin abinci. Na ce ya ɗaura min abin a jikin keken ɗinkina. Duka bakwai ɗin ni na yi musu kunne, ya je can yana karɓar yabo."

"Ban taɓa musu ba, Laure."

"Ba ka taɓa faɗa ba dai." Ta juyo wurin Sharfaddeen. "Kana da waya irin wannan?"

Yana da ita. A ƙasan teburinsa akwai kwali cike da tsofaffin rediyoyi da ya ƙi zubarwa. Ya fasa uku kafin ya samu ƙullin jar waya mai sirantar da take so. Kafin ya dawo ta sa an fito da keken ɗinkin tsakar gida, ƙarƙashin darbejiya, daidai inda mai jinya zai hango ta ƙofa. Ta ɗiga masa mai, ta ajiye kwano da tsabar wake a gefe.

"Duk ɗari ka jefa wake ɗaya. Kada ka yi min magana ina ƙirga."

Suka warware tsohuwar wayar, suka manne mayen ƙarfen a jikin ƙafar keken da ƙusa biyu. Ta sa tabarau, ta riƙe wayar tsakanin yatsu biyu, ta fara juyawa da ɗaya hannun. Da farko hannun ya manta aikin. Bayan wake uku sai ya daidaita, wayar tana kwanciya layi bisa layi, leɓunanta suna motsi.

Daga ɗaki Baba Da'u yana ba da umarni da 'yar muryar da ta rage masa. "Tsirkiyoyin nan a kwance su a tafasa! Dattin ne ke kashe murya!"

Matar Sharfaddeen, Halima Sadiya, da ta shigo da kunun mai jinya, ita aka sa ta ɗora tukunya. Ta tsaya tana juya wayoyin ƙarfe da muciya tana cewa ita dai yau ta ga girkin da ba ta taɓa gani ba. Kafin azahar labari ya zaga unguwa. Mata suka cika tsakar gida, maza suka tsaya a zaure suna leƙe, kowa yana tambayar wake nawa ya shiga kwano.

A wake na talatin da ɗaya wayar ta tsinke.

Inna Lauratu ta cire tabarau ta goge ido da gefen mayafi. Sharfaddeen ya leƙa ɗaki: tsohon ya yi lamo, bakinsa a buɗe, ƙirjinsa yana ɗagawa da ƙyar.

"Kawo dalmarka," in ji ta. "A jita ta uku ma ta tsinke min, kuma har Jos ta je."

Sharfaddeen ya kankare bakin wayoyin biyu da reza, yana riƙe numfashi, ya ɗiga dalma ƙanƙanuwa kamar ƙwayar gero. Ya ɗora mita. Allura ta motsa. Keke ya ci gaba da juyawa.

Ana idar da la'asar wake na hamsin da biyu ya faɗa kwano. Sharfaddeen ya mayar da kunnen mazauninsa, ya ɗaura tsirkiyoyin da suka bushe a rana, ya jona waya. A daidai lokacin Liman Yusuf ya yi sallama, ya zo duba mara lafiya kamar yadda ya saba. Mutanen zaure suka dubi juna, wani da ke cikin ɗakin ya fara jan lasifikar baya da ƙafa.

"Bar ta nan," in ji Baba Da'u, wanda ya farka. "Liman, shigo ka ga abin da na ɓoye maka shekara talatin."

Liman ya zauna a bakin katifa, ya ƙwanƙwasa jikin jitar da yatsa, ya duba haɗin wuyan. "Wannan ai irin haɗin ƙofar masallacinmu ne."

"A nan na koya."

"To ja mu ji, Malam Da'u."

Yatsan tsohon ya sauka a kan tsirkiya mafi kauri. Lasifikar ta saki wata murya mai zurfi, ta cika ɗakin, ta bi ta ƙasa har Sharfaddeen ya ji ta a tafin ƙafarsa. Kwanukan jeren Inna Lauratu suka ɗauki rawa a kabad. A tsakar gida wata ta rangaɗa guɗa, maza a zaure suna ta kabbara da tafi.

"Ita ce!" in ji Baba Da'u. "Laure, kin ji? Ita ce wallahi!"

Bai iya kiɗa ba, bai taɓa koya ba. Ya bi tsirkiyoyin huɗu ɗaya bayan ɗaya, yana barin kowace ta yi ta amo har ta mutu kafin ya taɓa ta gaba. Sannan ya rungume jitar a ƙirji, ya ce Inna Lauratu ta ja masa. Ta zauna kusa da shi a gaban kowa, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ja, shi kuma ya kwantar da kumatunsa a kan katakon yana murmushi.

A ranar ya sha kunu kofi guda, ya yi ta ba Liman labarin Sabon Gari har aka kira magariba. Washegari bai yi magana sosai ba. Ranar Alhamis da hantsi, Sharfaddeen yana buɗe shago, ya ji salati ya tashi daga bayan katanga. Ya ajiye makullin a kan tebur ya shiga. An yi jana'iza bayan azahar, sahu ya kai har bakin titi.

Ranar sadakar uku Adawiyya ta zo gaisuwa daga Ajingi. Sharfaddeen ya ce zai naɗe mata kayanta ya kai mata tasha.

"A'a," in ji ta. "Ta dawo gidansu ke nan."

Bayan mako biyu, baƙi sun ɗauke ƙafa, ya shiga ya kai wa Inna Lauratu fitilarta da ya gyara. Ya same ta zaune a tabarma a ƙofar ɗaki cikin kayan takaba, jitar a kwance a gabanta, ba waya ba lasifika. Ta lakato man kaɗanya a tsumma tana shafa wa katakon, tana bin layin itacen a hankali. Ya ajiye fitilar a bakin tabarma, ya fita.