Audugar Bakwaini

Larai ta sake juyawa a kan tabarma, ta tura ƙafa ta jawo lefen audugar kusa. Tun da cikinta ya shiga wata shida Goggo Safara'u, ungozomar Gagarawa, ta kwantar da ita: ba daka, ba rijiya, ba ko shara.

Goggo ta taɓa lalube cikin, ta ce, "Akwai ƙari a mahaifarki, 'yar nan. Shi ke matse yaran su fito kwanansu bai cika ba. Uku sun tafi, wannan kuwa sai mun lallaɓa shi ya kai bakwai."

Audugar ma Goggo ce ta sa aka gurje, aka shiɓe ta yi laushi. Bakwaini ba ya jure sanyi, a cikinta za a naɗe shi.

To, amma Larai irin matan nan ce da ko a makoki sai sun sami abin tsincewa. Ga ƙarar taɓarya daga maƙwabta, ga tsoro na cin ta. Sai ta ɗauki mazarin kaɗi. Ɗan kaɗan dai, don hannu ya sami abin yi. Yau kaɗan, gobe kaɗan, ashe lefe ƙasa yake yi.

Cikin na shiga wata bakwai, ranar wata Alhamis, mijinta Ubale ya kora jaki kasuwar Maigatari, da hantsi faya ta fashe. Kafin azahar yaro ya faɗo, bai fi tafin hannu biyu ba, kukansa kamar na ɗan mage. Amma yana numfashi.

"Miƙo lefen nan," in ji Goggo.

Ta zura hannu, sai ga zare, dunƙule-dunƙule, kaɗin gwanaye.

"Larai, ina audugar?"

Larai ta rushe da kuka. Ta tuna irin wannan zaren nata aka saƙa aka suturta ukun farko.

Goggo ba ta tsaya faɗa ba, don jikin yaron ya fara sanyi. Ta kwance wa Larai ɗaurin ƙirji, ta kifa shi tsakanin nonuwanta, fata da fata, ta ɗaure su tamau da zane.

"Kin kaɗe masa shimfiɗa, to ke ce shimfiɗar. In kin isa ki motsa."

Da la'asar Ubale ya dawo, ya yi sallama a bakin ɗaki, yana tambaya ko lafiya gidan ya yi tsit. Yaro na numfashi a ƙirjin Larai, ƙuda ya sauka a goshinta, ya yi ta yawonsa. Ba ta ɗaga hannu ta kore shi ba.