Taɓon Hanyar Mairuwa

Hajiya Barakatu ta Sheme ba makauniya ba ce, amma ciwon nan na tsufa mai cin tsakiyar gani ya riga ya cinye mata idon hagu. In ta dube ka da shi, hula da kafaɗu take gani, fuska kuwa sai baƙin tabo kamar gindin tukunya. Na daman ma ya fara, har gefen tabarma ya koma mata a karkace.

Ɗanta Sanusi ne ya jiyo labarin wata sabuwar allura a Zariya, wadda ake sokawa a farin ido ta tsayar da ƴan jijiyoyin da ke tsiyaya can baya.

"Allura a ido?" in ji Hajiya. "Kai Sanusi, gado kake sauri ka ci?"

Amma ta je, ta kuma komawa, har ta dawo tana tsince tsakuwar shinkafa da kanta. Kashedin likita ɗaya ne: in an yi allurar, kada ruwa ko datti ya taɓa idon sai hudar ta rufe. Hajiya ta riƙe maganar nan kamar farilla.

To, ranar da suke dawowa ita da Sanusi a motar haya daga wata allurar, damina ta yi nisa. Sun wuce Mairuwa ke nan da la'asar, sai harbi ya tashi daga cikin masara. Direba ya kife kan sitiyari, jininsa har gilashi, mota ta gangara rami. Ƴan bindiga suka riƙa fisgo mutane waje kamar buhuna.

"Kowa ya kifa huska ƙasa! Wanda ya dube mu ya mutu!"

Ramin kuwa taɓo ne da kashin shanu. Kowa ya kifa. Hajiya ta durƙusa, ta rufe idon daman da aka yi wa allurar da tafin hannu, kanta a ɗage.

"Inna, kwanta," Sanusi ya raɗa. "Don Allah, Inna."

Wani mai rawani ya tsaya kanta. "Ke tsohuwa, mi kike kallo? Kin gane ni ne?"

"Ɗan nan, ko huskarka ban gani. Allura aka yi min, likita ya ce…"

"Likita? Ni ne likitanki yau."

Sanusi ya ɗago zai yi bayani. Gindin bindiga ya same shi a muƙamuƙi, Hajiya ta ji ƙarar kamar an fasa ƙwarya. Aka ƙara masa a haƙarƙari, aka taka wuyansa. Da gefen idon hagu ta hango bakin bindiga a ƙeyar ɗanta, ta ji an ɗana.

Ta cire hannunta. Ta dulmiya fuskarta cikin taɓon har kunnuwa, ta danna, ta ƙara dannawa, don kada a ce da sauran inda take leƙe. Taɓo ya cika mata ido, yana yaji kamar barkono.

Mai rawani ya yi dariya, ya ɗauke ƙafarsa daga wuyan Sanusi. Suka kora mutum huɗu daji, babura suka yi nisa.

Hanya ba ta biyu ba sai da idon ya kumbura ya tara mugunya. Da suka koma Zariya, likita ya duba ya ce idon ya riga ya mutu.

A gida Sanusi ya zauna bakin gadonta, karyayyen muƙamuƙinsa ɗaure da waya, kuka ma bai fita sosai.

"Matso in ji," in ji ta.

Ta lalubi goshinsa, ta bi kuncin da yatsu a hankali har haɓa.

"To. Sun dai bar maka na cin tuwo. Share hancinka, kai ba yaro ba ne."