Dangin Dimas na Tsallaken Ruwa

Shekara goma sha tara Dimas Tabuai ya yi yana farautar masu fasa-ƙwaurin bindigogi a wata hukumar tarayya. Duk abin da ake nema kafin mutum ya zama babban jami'in bincike ya kawo: digiri, kwasa-kwasai, da shari'o'in da ya kai kotu ya ci. Sai a tantancewar tsaro aka taka masa birki.

Shugabarsa, Sufeto Prowse, ta kira shi ofishinta a birnin Cairns, ta turo masa wata takarda.

"Dangi talatin da ɗaya ka lissafa a Papua New Guinea, Dimas. Masu tantancewa sun ce hulɗarka da 'yan ƙasar waje ta yi yawa. Sa hannu cewa ka yanke magana da su, kujerar babban jami'i ta zama taka."

Ran Dimas ya ɓaci. Daga tsibirinsu na Saibai, da ke bakin iyakar ƙasarsu, ana hango hayaƙin girkin ƙauyen kawunsa a tsallaken ruwa, cikin Papua New Guinea.

"Ƙasar waje, ranki ya daɗe? Kawu Gamia ne ya koya mini tuƙa kwalekwale, shi ya sa ubana a kabari. Bara da jirgin ruwa mai ɗauke da bindigogi ya ɓace muku, wa ya faɗa mini mashigin da ya ɓuya? Ranar ai ba baƙo ba ne, har kifin gwangwani kuka aika masa, don rowa!"

"Ba ni na rubuta dokar ba."

"Amma ke kika miƙo mini biro."

Ya mayar mata da takardar yadda ta zo, ya miƙe tsaye.

"Ku nemo wanda ba shi da kowa a duniya, ku ba shi kujerar."